Ƙashi Biyu Ne a Hannun Mutum

Makon jiya aka sare bedin nan, wato darbejiya, da ke bayan gidanmu. Maƙwabcinmu ne zai ja katanga ya fitar da shago, saiwoyin itacen kuwa sun bi ta inda zai haƙa. Ina cikin ɗaki na ji gatari ya fara, tun hantsi har azahar, sai kuma na ji wani dogon nishi da faɗuwa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Da na leƙa, wurin ya yi haske fayau, irin hasken da ban san bayan gidanmu da shi ba. Na san shekaruna ba su kai na masu cewa "a zamaninmu" ba, har yau tsofaffin unguwa yarinya suke kirana. Amma ran nan na gane ƙuruciya ba ta jiran furfura kafin ta tafi. Tawa a gindin bedin nan take zaune, ga shi an faskare ta an kai madafa.

Mu huɗu ne muke zama a wurin, duk 'yan lise ɗaya, wato makarantar sakandare, a nan Magariya. Akwai Rabi, ɗiyar mahauci, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Akwai Zuwaira, wadda bakinta bai taɓa barin kowa ya huta ba. Akwai Balki, da ba ta iya aiki sai tana waƙa ƙasa-ƙasa. Sai ni. Ba a koyar da zane a lise ɗinmu, kuma ba wanda ya ce mu koya. Abin ya faro ne daga bayan kaye, littafin rubutunmu na aji, inda kowace ke ɓoye 'yan zane-zanenta, har muka gano juna. Daga nan muka sa wa kanmu rana: duk Lahadi, in an gama shara da wanke-wanke an cika randuna, sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar bedi. Takardarmu ta buhun siminti ce, mu yanka ta, mu danne da dutse ta miƙe. Gawayi kuwa daga murhu muke tsinto shi, mu zaɓi wanda bai da tsagewa. Kiriyon, wato fensir, sai in zane ya yi kyau ake fito da shi.

Dokoki biyu muke da su. Ta farko tamu ce: ba wadda za ta ce ta gama zane sai ta miƙa takardar ga ta hannun damarta, ita kuma ta gyara abin da ta ga ya karkace ta miƙa gaba, har takardar ta zagayo wurin mai ita. Wani lokaci ta dawo miki baƙi ƙirin da gyara, ki ji kamar ki yi kuka, amma ba a fushi. Ta biyu Baba ne ya kafa ta. Ran da ya same mu, ya daɗe a tsaye yana dubawa, sannan ya ce, "Ku zana hannu, ku zana ƙafa, ban hana ba. Amma kada in ga fuska." Muka ce to. Shi ya sa a cikin akwatin da nake ajiye takardunmu babu fuskar kowa. Hannuwa ne kawai: na Balki riƙe da taɓarya, na Zuwaira da ludayi, na Rabi a kan gwiwarta kamar yana jiran a sa shi aiki.

Ba mu daɗe ba muka gane fata ba ta isa ba, sai an san abin da ke ƙarƙashinta. A littafin kimiyyarmu akwai hoton kwarangwal, amma tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kuma an yi ta kwafarsa a inji har ya zama inuwa kawai. Sai Rabi ta ce ai ƙashi a gidansu ba abin nema ba ne. Ta riƙa zuwa mana da ƙafafun gaba na awaki da tumaki a cikin leda. Mu dafa su da toka a wata tsohuwar tukunya da Inna ta yafe mana, mu kankare, mu shanya a kan rufin ɗakin girki, muna gadin karnuka da shirwa. In sun bushe sun yi fari, sai mu jera su a tabarma. Har yanzu ina jin ƙararsu in sun haɗu, ƙwas-ƙwas, da kukan kurciya a saman bedi, da sautin gawayi a kan takardar siminti, shuu-shuu, kamar ana tankaɗe a nesa. Muka ce ƙafar gaba ta akuya ai ita ce hannunta, kuma Mai halitta ɗaya ne. Don haka sai mu fara zana ƙashin akuya, sannan mu lulluɓe shi da naman hannun Zuwaira. Shekara biyu muna haka, muna jin mun fi duk 'yan lise sani.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ke nan, kuma ina ganin 'yan mata masu son zane. Kowace da salularta. In tana son ganin ƙashin mutum, sai ta taɓa, ya fito mata fes, ta juya shi da yatsa ta ga gaba da baya. Ba za su yi irin kuskuren da muka yi ba, kuma ina taya su murna. Sai dai kowace a ɗakinta take koyo, ita kaɗai, abin sauraro toshe da kunnenta. In ta gama sai ta ɗauki hoto ta tura, mutanen da ba ta sani ba su yaba. Ba wanda zai karɓi takardarta ya shafe mata rabin hannu da gefen tafinsa ya ce sake. Na taɓa cewa da wasu uku su zo gida ran Lahadi mu zauna tare. Suka ce to, Madam, cikin ladabi, kuma ba su zo ba.

Wadda ta tona mana asiri kakata ce, mahaifiyar Baba, da muke kira Iya. A Dogo-Dogo take, kuma mai ɗori ce. Duk wanda ya karye a ƙauyukan wajen, a jaki ko a amalanke ake kai mata shi. Ta zo Magariya ganin likitan ido, ta yi mako biyu a gidanmu. Ran Lahadi ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna kusa da mu tana ɓarar gyaɗa. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, ƙawata take ce mini. Da takardata ta zagayo, sai ta miƙo hannu.

"Ni ba a ba ni ne? Ko sai wadda ta ci bak, jarrabawar nan taku ta gama lise?"

Na ba ta. Hannun Zuwaira ne yana juya ludayi a ƙwaryar fura. Ta kai takardar kusa da idonta mai lafiya, ta daɗe, sai na ga fuskarta ta canza kamar an kawo mata mugun labari.

"Innalillahi. Wane azzalumin ne ya ɗora wa yarinyar nan hannu?"

"Iya, zane ne," na ce. "Hannun Zuwaira ne, ga ta nan lafiyarta lau."

"Na ga ta. Amma wannan na takarda karyewa ya yi aka ɗora shi a karkace, ƙasusuwan biyu suka manne. Mai wannan hannun ba za ta ƙara dama fura ba har ta mutu. Da me kuke koyo?"

Rabi ta turo mata ƙasusuwanmu. Iya ta ɗauki ɗaya ta shafa da babban yatsa, sai ta fashe da dariya har gyaɗar ta zube daga cinyarta.

"Miƙo hannunki, ƙawata."

Ta kama ni ƙasa da gwiwar hannu, ta danna babban yatsanta sosai har na ji zafi. Ta ce in buɗe tafina kamar za a ba ni abu. Na buɗe. Ta ce in kife shi kamar na zubar. Da na kife, sai na ji wani abu ya mirgina a ƙarƙashin yatsanta, a cikin namana, ƙashi ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Shekara goma sha bakwai ina tare da hannun nan ban taɓa sanin yana haka ba.

"Kin ji? Biyu ne, kuma ɗaya yana zagaya ɗaya. Akuya ba ta karɓa, ba ta miƙawa, ba ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Takawa kawai take yi da nata, shi ya sa nata biyun suka manne wuri guda."

Zuwaira ta dafe ƙirji. "Rabi! Ashe shekara biyu babanki yana mayar da mu awaki!"

"Ke ai ba ki buƙaci taimakon babana ba," in ji Rabi, ba ta ko ɗago kai ba.

Daga ranar muka kwashe ƙasusuwan muka zuba a bola, muka koma lalube. Kowace ta kama hannun ta kusa da ita ta rufe ido, Iya tana faɗa mana inda za mu danna. Nan ƙashi ya kumbura, nan ya siranta, nan jijiya ta ratsa, nan in yaro ya faɗo daga bisa ya dafa ƙasa yake tsagewa. Ba ta san sunan ko ɗaya da Faransanci ba, amma ta san su kamar yadda ta san hanyar rijiya. Takan ce ido mai saurin yarda ne, yatsa kuwa sai ya je ya taɓo. Balki ta daina waƙa a kwanakin nan, don ta ce in tana waƙa ba ta jin abin da yatsunta ke faɗa mata.

Ana gobe za ta koma, da la'asar, ta kira ni ina tsince mata shinkafa. Ta ce ɗorin nan gadon gidansu ne, daga kakanta zuwa ubanta. Ubanta bai bar namiji ba, ya ba ta, ya sa ta yi alkawari ba za ta fitar da shi daga jininsu ba. 'Ya'yanta maza kuwa, Baba ya zaɓi aikin biro, na zaman ofis, ƙaninsa ya bi fatauci ta kan iyaka.

"Saura ke," ta ce. "Abin da na nuna muku a tabarma kowa ma na iya nuna wa. Amma ja, da mayarwa, da abin da ake karantawa, ba a koya su da baki. Sai kin riƙe mai karaya yana ihu a kunnenki. Ki zo mini da hutu."

Na ce zan zo. Har ga Allah abin da ke raina shi ne zan sami hannuwa da yawa na zanawa.

Da aka ba mu hutun damina muka tafi mu huɗu, bayan iyayen sauran sun yarda don sun san Iya. Motar kasuwa ta sauke mu a Dungas, 'yan kabu-kabu suka ƙarasa da mu. Hatsi ya kai gwiwa, ƙasa ta yi kore shar, itatuwan gawo kaɗai ne tsaye ba ganye a tsakiyar gonaki, rassansu farare. Zuwaira ta nuna su daga bayan babur tana ihu wai ga kwarangwal kyauta. Kwana biyar muka yi muna taya Iya ɗebo ruwa da yanko karan dawa na bara, tana nuna mana yadda ake zaɓar miƙaƙƙe a fere shi daidai tsawon gaɓa. Ba a kawo kowa ba sai wani tsoho mai targaɗe.

A rana ta shida, da hantsi, muna zaune a rumfa da takardunmu, aka shigo da wata mata da ta faɗo daga amalanken jaki a hanyar gona. Hannunta na dama ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ba ta kuka, wani irin numfashi kawai take yi ta haƙora. Iya ta zaunar da ita, ta wanke hannu, ta shafa man shanu, ta fara bin wurin da yatsu a hankali. Ni kuwa takarda na kan gwiwata, kiriyon na hannuna, kuma ban san lokacin da na fara zana hannuwan Iya ba. Abin da ban taɓa samu ba ya zo mini a ranar. Kowane layi yana faɗawa inda ya kamata. Ina ganin ƙashin a ƙarƙashin fatarta mai yamutsa, ina ganin yadda ɗaya ya hau kan ɗaya da ta juya tafi.

"Ƙawata, zo ki kama mini gwiwar. In na ce ja, ki ja. Ko ta zage ki kada ki saki."

"Ga ni nan, Iya. Bari in ƙarasa wannan layin."

Ta ci gaba da lalube. Can ta sake kira, wannan karon da sunana na yanka, wanda ba ta taɓa kirana da shi ba. Na ce ga ni nan. Matar ta ɗago ido ta dube ni. Na sunkuyar da kai ga takarda. Shekaru na yi ina gaya wa kaina zanen ne ya riƙe ni. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni, kuma takardar nan ita kaɗai ce wurin ɓuya da nake da shi.

Ba ta kira na uku ba. Rabi ce ta ajiye gawayinta ta tashi, ta durƙusa, ta kama gwiwar da hannu biyu kamar ta saba. Iya ta ce ja. Matar ta ƙwalla ƙara har kaji suka watse, ta zagi Rabi, ta zagi jakin, ta kira uwarta. Rabi ba ta motsa ba. Sai muka ji ɗan sauti, ƙas, ƙarami ƙwarai, hannun ya miƙe. Iya ta jera karan dawa, ta naɗe da tsumma, leɓunanta suna motsi, ta tofa. Kafin azahar matar tana shan fura da hagu tana ba Rabi haƙuri.

Da aka watse, doka ta sa na miƙa takardata ga ta dama. Balki ta duba ta miƙa wa Zuwaira. Zuwaira ta ɗaga gawayi, ta riƙe shi a sama, ta mayar ta ajiye. Rabi ma haka. Wannan ne karo na farko, kuma na ƙarshe, da takarda ta zagayo wa ɗayarmu babu gyara ko ɗaya. Iya ta miƙo hannu, na ba ta.

"Wannan kam ba a karkace yake ba," ta ce. "Hannuna ne. Har tabon ƙunar nan kin sa." Ta mayar mini. "Ki adana shi da kyau, ƙawata. Ran da aka kawo miki mai karaya, sai ki ɗora masa takardar."

Da murmushi ta faɗa, sauran ma suka ɗan yi dariya don wasan kaka ne. Amma ni na ji inda ta danna. Da yamma na same ta tana ba tumaki dusa, na ce, "Iya, ki ba Rabi mana. Kin ga yadda ta riƙe."

"Na gani. Yarinyar hannu gare ta. Da jinina ce da yau na huta." Ta karkaɗe ƙwaryar. "Ba nawa ba ne ni kaɗai da zan kyautar. Na yi wa ubana alkawari."

"To zan dawo bayan bak. Wallahi zan riƙe."

"Allah ya kai mu," ta ce. Har muka bar garin an kawo mutum biyu, ba ta sake kirana ba, ni ma ban tashi ba.

Bayan bak aka tura ni Damagaram koyon aikin koyarwa. Hutun farko na ce sai na biyu. Ina shekara ta biyu aka kira Baba aka ce Iya ta kwanta ciwo, kafin in sami mota an kai ta makwancinta. Ƙungiyarmu ma ba ranar da muka ce mun rabu. Zuwaira ta wuce Yamai karatu ta zauna can. Balki ta yi aure a tsallaken iyaka. Rabi ba ta ci bak ba, tana Dungas da 'ya'yanta, tana matsar man gyaɗa da hannuwan nan nata. Mukan aika wa juna gaisuwar murya da salla. In na rufe ido fuskokinsu sun fara dushewa, amma in na buɗe akwati, ko a cikin hannuwa ɗari zan nuna na kowace.

Kwana uku bayan saran bedin, wata mata ta yi sallama da hantsi, riƙe da 'yarta budurwa da ta zame a bakin famfo. Ta ce ita mutuniyar Dogo-Dogo ce, aure ya kawo ta nan, kuma Iya ce ta ɗora wa wanta ƙafa.

"Aka ce mini jikarta na gidan nan, har hotunan ƙashi gare ta."

Na zaunar da yarinyar. Na kama ƙasa da gwiwar, na bi da yatsu a hankali, ido rufe. Na same shi nan da nan: na ɓangaren babban yatsa ne, ya karye kusa da wuyan hannu, ɗayan lafiyarsa lau. Yatsuna sun kai ni har bakin wurin, suka tsaya. Abin da ake yi daga nan yana Dogo-Dogo a ƙarƙashin ƙasa. Na tallafe hannun da kwali, na ɗaure da ɗankwalina, na fita na tsayar musu da kabu-kabu, na ce su wuce wurin likita kai tsaye a ɗauki hoton ƙashin.

Uwar ta dube ni kafin ta hau. "Ashe ba ki gada ba?"

"Ban gada ba, Inna."

"Allah sarki," ta ce. "Allah ya jiƙan Iya."

Da suka tafi na ɗauko takarda da kiriyon, na zagaya bayan gida na zauna a kan kututturen bedin, cikin rana, don babu sauran inuwa. Na zana hannuna na hagu. Ya fito daidai, duk hannun da na zana yanzu daidai yake fitowa. Da na gama, ban san lokacin da na miƙa takardar ta hannun dama ba. Babu kowa a wurin sai tulin bulo na maƙwabci. Na bar hannun a miƙe har ya fara nauyi, sannan na kife tafin a hankali, takardar ta faɗi, na ji ƙashi ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa, daidai inda babban yatsan Iya ya danna.